Ruwan Sama da Kuɗin Ruwa

A 1983 ina da shekara 15, muna zaune a gidan kakana a Aboabo, cikin Kumasi. Duk wanda ya yi wayo a Ghana a lokacin ba sai an ba shi labarin wannan shekara ba. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta bi gonakin koko da na abinci ta lashe, ga kuma 'yan ƙasa wajen miliyan guda da aka koro daga Najeriya sun dawo da jakunkunansu, kowa da bakin da zai ci. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito fili, ana ce masa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin.

Wata safiya mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga kasuwa ya zauna a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata. Ya zaro damin sidi daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Ga kuɗin cefanenki nan. Na zaga kasuwa kaf, kuɗi ya fi abinci yawa." Ita kuwa ko kallon kuɗin ba ta yi ba. Ta jawo gwangwanin olonka, ta kakkaɓe 'yar masarar da ta rage a gindin buhu, ta auna, ta kasa ta kashi uku, ta ce ta kwana uku ce. Mu goma sha ɗaya ne a gidan. Damin kuɗin ya wuni a kan tabarmar nan babu wanda ya ɗaga shi. Sai da na girma na ji a bakin masu ilimi cewa hauhawar farashi a shekarar ta haura kashi 120 cikin 100.

Wannan yunwar ce ta raba ni da sana'ar gidanmu. Mu asalinmu fataken goro ne. Kakana ya biyo ayari daga Kano ta Salaga, ya sauka a Zango bai koma ba, mahaifina kuma ya tashi yana ɗaure huhun goro ana lodi zuwa Najeriya. Ni dai na ƙudurta a raina cewa abin da ake ci a ƙoshi zan sayar. Na fara da yaron mota a hanyar Ejura, na koma ɗan awo, na yi dillanci a kasuwar Techiman, har Allah ya hore mini sito na kaina a Asawase da babbar mota guda. Masara ce ƙarfin jarina, sai wake da gero da waken suya. Matan da ke dama koko da asuba a Zango, da masu dokunu, da masu gidan kaji na bayan gari, da yawansu a wajena suke awo.

Mai sayar da hatsi, ko yana so ko ba ya so, idonsa na kan hadari. A yankin Ejura da Techiman damina biyu ake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba. A arewa kuwa, su Tamale da Wa da Tumu da Bolga, ɗaya ce tak, in ta kuɓuce sai baɗi. A da tsofaffin manoman da nake hulɗa da su kan faɗa mini makon da za su yi shuka tun ana rani, kuma da wuya su kuskure. Yanzu sai ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ruga ya shuka, sai ya ɗauke ƙafa mako uku, iri ya mutu a ƙasa, a sake sayen wani. Wata shekarar kuma ya yi yawa, a buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogi ya cika ya kwashe gonakin da ke bakinsa. Mun daɗe muna ganin abin a jikinmu kafin rediyo ta fara ce masa sauyin yanayi.

Yadda nake kasuwancina shi ne, in ba manomi kuɗi da farkon damina, ya sayi iri da taki ya biya tarakta, mu yi yarjejeniyar buhu nawa zai kawo mini da kaka. Malamanmu sun ce wannan ciniki ya halatta muddin an fayyace awo da lokaci. Shekara da shekaru da guminna nake yi, ban san ƙofar mai ba da rance ba. Sai 2022 ta zo ta karya lissafi. Dalar da muka shiga shekara tana sidi 6 da 'yan kai, kafin ƙarshen Nuwamba 'yan canji na kiran 14, wasu 15. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Taki ya tashi, man dizal ya tashi, tayar mota ta zama abin da sai an yi shawara kafin a saya. Kuɗin da a da ke ɗaukar manoma arba'in ya koma da ƙyar yake riƙe ashirin. Ban yi asarar buhu ko ɗaya ba, ɓarawo bai shiga sitona ba, amma jarina ya narke a hannuna kamar gishiri a ruwa.

A nan ne na yi abin da har gobe nake istigfari a kansa. A farkon 2024 na je wani kamfanin ajiya da ba da rance, na ci bashi mai ruwa, na jinginar da takardun motata. Na san hukuncin riba, tun ina makarantar allo aka karantar da ni. Na lallashi zuciyata cewa 'yan watanni ne kawai, da kaka zan biya in wanke hannuna.

Ma'aikacin da ya duba takarduna yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana. Ya nemi katin ɗan ƙasa, da takardar haraji, da shekarun motar, da mutum biyu da za su tsaya mini. Ya zo har sito ya ƙirga buhuna ya ɗauki hoto. Tambayoyinsa sun fi talatin, amma babu ko ɗaya a kan ruwan sama. Bai tambayi inda gonakin suke ba, ko duk a yanki ɗaya ne, ko akwai mai noman rani a cikin manoman, ko me za mu yi in damina ta yi gardama. Ni ma ban tayar da maganar ba, don ina gudun kada a hana ni. Da na koka da yawan ruwan da aka ɗora, sai ya ce, "Alhaji, ba mu muke yankawa ba, daga sama yake farowa." Yana nufin kuɗin ruwan da Babban Bankin Ghana ke tsayarwa, wanda ya kai kashi 30 a Yulin 2023, a lokacin da na ci bashin kuma yana 29. A kansa su kuma suke ɗora nasu.

Na zuba mafi yawan kuɗin a ƙasar Sisala, wajen Tumu, domin masarar can ba ta da ta biyu. Ruwa ya fara lafiya, shuka ta fito kyakkyawa. Daga Yuli sama ta yi shiru, har aka shiga Agusta aka yi nisa. Wani dattijo da muka shekara goma sha biyu muna hulɗa ya aiko a ce in zo. Na kwana a hanya, da hantsi ya kai ni gona. Masarar ta kai ƙirji, lokacin da ya kamata ta fara goyo ke nan, amma ganyen duk ya nannaɗe ya koma ruwan toka. Takin da na biya kuɗinsa yana nan fari fat a gindin shuka, bai sami laimar da zai narke ba. Dattijon ya karya kara ɗaya ya miƙo mini, cikinsa a bushe kamar auduga. Ya ce, "Alhaji, ban so in ba ka haƙuri a waya ba. Na fi so ka gani da idonka." Na tsuguna na tona ƙasa har yatsuna suka nutse duka, ƙura ce kawai. Muka koma gindin wata kaɗanya muka zauna. Matarsa ta kawo ruwa a ƙwarya. Mun fi rabin awa babu wanda ya ce uffan.

A ƙarshen Agusta gwamnati ta sanar da cewa farin ya taɓa jihohi takwas, ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje. Cikin buhunan da nake sa rai, ko sulusi bai shigo ba. Mutane na zaton mai hatsi murna yake in an yi tsada. Wanda sitonsa ke cike shi ke murna. Ni kuɗina na can a gona ya bushe tare da kara. Shi kuwa bashi bai san fari ba, ruwansa na sauka duk wata, ko an yi hadari ko ba a yi ba. Na sayar da motar. Ranar da sabon mai ita ya zo da direbansa, na miƙa wa yarona makulli na shige can ƙuryar sito don kada in ga fitarta. Na sallami yara uku. Manoman kuwa ban kai kowa ƙara ba. Mutumin da bai san abin da 'ya'yansa za su ci kafin baɗi ba, da wane ido zan kalle shi a gaban alƙali?

'Yata ta fari ta karanci tattalin arziki a Jami'ar Kwame Nkrumah ta nan Kumasi, tana aiki a wani banki a Accra, a sashen da ke auna haɗarin bashi. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwata nake ce mata. Na ɓoye mata zancen rancen, sai mahaifiyarta ce ta tsegunta mata. Da ta zo ƙaramar sallar 2025, bayan isha'i muka zauna a tsakar gida. Ba ta yi mini gori ba, sai dai ta ce, "Baba, da kun kira ni." Ni kuwa zuciyata cike take, sai na amayar da abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Uwata, ku da kuke cikin banki ku gaya mini. Babban banki shi ke da ikon buga kuɗi. Me zai hana ya ba manoma rance mai sauƙi, ya gina madatsun noman rani, ya sa a dasa itatuwa a arewa? Me ya fi wannan amfani ga ƙasa?"

Ta ce, "Baba, kun tuna labarin da kuke ba mu na kuɗin Kaka a kan tabarma?" Na ce na tuna. Ta ce to, duk ranar da aka buga kuɗi ba tare da kaya sun ƙaru a kasuwa ba, wannan damin ne ake ƙara wa kauri. Ta tuna mini cewa a 2022, da ƙofar cin bashi daga waje ta rufe wa gwamnati, babban banki ne ya riƙa cike mata giɓi, kuma bayan an sake fasalin basussukan cikin gida, bankin da kansa ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8 a wannan shekarar. Ta kawo mini misalin Najeriya, inda a 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, babban bankin can ya zuba wa noma sama da naira tiriliyan ɗaya. An noma shinkafa, gaskiya ne, amma kuɗi mai yawa bai dawo ba, kuma da Olayemi Cardoso ya karɓi bankin a 2023 ya ce za su janye hannu daga irin wannan rabon rance su koma ainihin aikinsu. Ta ce dokar da ta tsara aikin namu bankin a 2002 ta ɗora masa abu ɗaya a gaban komai, wato ya tsayar da farashi, kuma mizanin da ya sa wa kansa shi ne hauhawa ta tsaya a kashi 8, da sassaucin 2 sama ko ƙasa. "Wannan ɗin ma, Baba, kun ga yadda ake fama da shi. Ina ga an ƙara masa gona da daji?"

Ta ce a Amurka ma haka shugaban babban bankinsu na lokacin, Jerome Powell, ya faɗa a Janairun 2023, cewa su ba masu tsara manufar yanayi ba ne kuma ba za su zama ba. A Janairun 2025 suka fice daga ƙungiyar manyan bankunan da aka kafa a Paris a 2017 domin wannan batu. Hujjarsu ita ce ba wanda ya zaɓe su. Wa za a ɗora wa haraji, wace masana'anta za a rufe, ina za a gina madatsa, wannan shawarar waɗanda jama'a za su iya kayarwa a akwatin zaɓe ce.

Na yarda da ita a nan, kuma har yau ina kan yardar. Ba a tauna taura biyu. Ni da hauhawar farashi ta cinye wa jari ba zan zama mai neman a buɗe injin buga kuɗi ba, ko da sunan alheri ne. Madatsar Pwalugu da aka aza harsashinta a 2019 har yanzu ba ta shayar da gona ko ɗaya ba, amma wannan tambaya ce ta 'yan siyasa, kuma mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Sai dai ban tsaya nan ba. Na ce mata, "Uwata, ke da bakinki kika taɓa gaya mini cewa in ana lissafin tsadar rayuwa a ƙasar nan, abinci kaɗai ya haura kashi 40 cikin 100. To abincin nan me ke kawo shi? Gonakinmu kusan duka da ruwan sama suke rayuwa. Hatta wutar lantarki, duk shekarar da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, kamar 1983 da 1998 da 2007, sai an shiga rabon wuta. A 2023 kuma cika ya yi har aka sake shi ya mamaye Mepe da garuruwan ƙasan kogi. Wanda aka ba amanar farashi a irin wannan ƙasa, yaya za a yi ya ce ba ruwansa da ruwa?" Na ce mata in fari ya sa masara ta yi tsada, ko an kai kuɗin ruwa kashi 50, zangarniya ɗaya ba za ta ƙaru a gona ba. Abin da zai ƙaru shi ne nauyin da ke wuyan wanda zai noma ta baɗi. Ba na cewa kada a taɓa ɗaga shi, na san in sidi na zubewa dole a tare. Ina cewa mai riƙe da wannan linzami ya kamata ya san bambancin tsadar da kuɗi ya haifa da tsadar da sama ta haifa, kuma ba zai sani ba sai yana da mutanen da ke bin labarin damina kamar yadda suke bin farashin dala.

Ta ce wannan maganar tawa ba sabuwa ba ce a wajen masu abin. Tun 2015 Mark Carney, yana gwamnan Bankin Ingila, ya gargaɗi masu inshora a Landan cewa masifar yanayi tana can gaba da inda idon masu kuɗi ke kaiwa, su da ba sa hangen abin da ya wuce 'yan shekaru, kuma kafin ta iso gabansu lokacin gyara ya wuce. Ta ce a nan gida ma an fara motsi. A Nuwambar 2019 Babban Bankin Ghana da bankunan ƙasar suka fito da ƙa'idoji bakwai na kula da muhalli da al'umma wajen ba da rance, a ƙarshen 2024 kuma ya ba da umarni cewa bankuna su riƙa auna haɗarin yanayi a cikin basussukansu. Ta ce, "Wato tambayar da yaron nan bai yi muku ba, Baba, nan gaba wajibi ne ya yi ta."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da an tambaye ni a ranar, da an ce mini, Alhaji, duk ƙwanka a kwando ɗaya ka zuba, yankin nan damina ɗaya yake da ita, da wataƙila na raba kuɗin tsakanin Tumu da Ejura, ko na karɓi rabi. Da wataƙila motata na nan. Wannan aiki ne na mai kula da bankuna ba tare da wata tantama ba, domin ba ni kaɗai na kasa biya a shekarar ba, kuma kuɗin da aka ba mu ajiyar wasu talakawa ne. Mun ga abin da ya faru daga 2017 zuwa 2019, lokacin da aka rufe bankuna da ɗaruruwan ƙananan kamfanonin rance, yadda mata 'yan kasuwa suka riƙa zarya suna neman kuɗinsu.

Amma akwai abin da ke ba ni tsoro, kuma na faɗa mata. Banki in ya ji kalmar haɗari, gudu ya sani. In aka ce masa ya auna fari da ambaliya aka tsaya nan, hanya mafi sauƙi a wajensa ita ce ya ja jan layi a kan arewa baki ɗaya, ya ja wani a kan gidajenmu na bakin rafin Aboabo da ruwa ke shiga duk damina, da unguwannin bakin kogin Odaw a Accra, inda ambaliya da gobara suka kashe sama da mutum 150 a daren 3 ga Yunin 2015. Sai ya kai kuɗin wajen mai shigo da shinkafa daga waje, domin shi fari ba ya taɓa shi. A ƙarshe talakan da bai taɓa mallakar masana'anta ba shi zai biya kuɗin hayaƙin da wasu suka tayar, alhali duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Uwata ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan kam, Baba, ina ganin alamarsa a teburina." Ta ce akwai tsarin GIRSAL da ke tsaya wa bankuna a kan wani kaso na rancen noma, amma irin dattijon Tumu bai san da shi ba, ni ma a ranar na fara ji.

Abin da nake roƙo a nan ba shi da yawa. A 2020, lokacin korona, babban banki ya sassauta wa bankuna ƙa'idoji domin su ɗaga wa masu bashi ƙafa. Ina so farin da hukuma da kanta ta ce ya taɓa jihohi takwas ya sami irin wannan matsayi a rubuce, tun kafin ya zo, yadda mai ba da rance zai iya jinkirta wa manomi shekara guda ba tare da an hukunta shi ba. Ina so kuma rancen noma ya riƙa tafiya da inshorar fari a jikinsa, wadda Musulmi zai iya shiga ba tare da zuciyarsa na ɗar-ɗar ba.

Akwai kuma inda hannun babban banki ke cikin maganar kai tsaye, kuma wannan ta gidana ta biyo ta same ni. Cikin yara ukun da na sallama har da ɗan ƙanena marigayi, wanda na riƙa tun yana shekara bakwai. Bai yi mini sallama ba, sai ji na yi yana wajen Dunkwa yana galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage. Bayan wata biyar na bi shi. Na san Kogin Offin tun ina yaron mota, mun sha tsayawa mu yi alwala a bakinsa. Shi ne kogin da a can sama yake cika madatsar Barekese, inda Kumasi ke shan ruwa. Abin da na tarar ya yi kauri ya yi ja kamar an dama Milo, injunan canfan na masu haƙar zinariya na ruri a kansa dare da rana. Inda na san gonakin koko ya koma ramuka cike da ruwan da ko tsuntsu ba ya sauka ya sha. Na same shi a tsugune bayan wata bukka, ya ɗora wani ɗan dunƙulen zinariya haɗe da zaiba a murfin gwangwani yana ƙona shi a kan garwashi, zaiba na tashi, fuskarsa a kai, ko ƙyalle bai rufe hanci da shi ba. Na ce ya tashi mu tafi gida. Ya ce, "Baffa, abin da nake samu a mako ɗaya a nan, a sitonku sai na yi wata biyu." Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin ni na sallame shi. Sai da na sake komawa sau biyu, tari ya kama shi, sannan ya yarda ya biyo ni.

A Yunin 2021 Babban Bankin Ghana ya fara sayen zinariya a cikin gida da sidi yana tarawa. Ajiyarsa da ba ta kai tan 9 ba ta haura tan 30 zuwa farkon 2025, shekarar da aka kafa hukumar GoldBod domin ta riƙe cinikin zinariyar ƙananan masu haƙa. A wannan shekarar sidi ya farfaɗo, dalar da ke wajen 15 ta sauko kusa da 10, hauhawar farashi ta dawo ƙasa da kashi 10 kafin shekara ta ƙare. Ni ma na ji sanyin wannan a kasuwa, ba zan ɓoye ba. Hukumomi na cewa a hannun masu lasisi suke saye, kuma ba ni da hujjar ƙaryata kowa. Sai dai na gani da idona yadda ɗan dunƙulen nan ke barin murfin gwangwani ya shiga aljihun mai saye na farko, daga nan na biyu, kuma zinariya in an narka ta ba ta faɗin sunan kogin da ta fito.

A nan hujjar cewa ba aikinmu ba ne ba ta da wurin tsayawa. Ba wanda ya ce babban banki ya ɗauki bindiga ya shiga daji, ko ya je dashen itatuwa. Shi mai saye ne, kuma babban mai saye. Ni ƙaramin ɗan kasuwa, in wani ya kawo mini buhu ashirin da tsakar dare, sai na tambayi gonar da suka fito. A kasuwarmu wanda ke karɓar kaya bai damu da asalinsu ba yana da suna, kuma ba na fatan a taɓa kiran wata hukuma ta ƙasata da shi. Ina so kowane giram da zai shiga taskar ƙasa a iya bin sawunsa har ramin da aka haƙo shi, wanda aka kasa bin sawunsa kuma a ƙi shi, ko da sidi zai ɗan ji jiki. Dalar da zinariyar nan ke kawowa yau, da ita za mu sayi abincin da gonakin da aka tone suka daina bayarwa, da maganin tace ruwan da aka gurɓata, kuma zaibar da ta shiga ƙasa ba ta fita a zamanin mutum ɗaya.

Bana ban ci bashin kowa ba. Mu biyar muka haɗa adashi, da kwasata na ɗauki manoma tara: huɗu a Ejura, uku a Tumu, biyu kuma masu noman rani a madatsar Tono kusa da Navrongo. Na sa sharaɗin iri mai saurin nuna. Duk sanda hukumar kula da yanayi ta fitar da hasashen damina, Uwata na turo mini a WhatsApp, ni kuma in karanta da murya in aika wa manoman. Dattijon nan na Tumu ya aiko mini da buhu shida daga tsohon bashi ba tare da na tambaya ba, na karɓi huɗu na mayar masa da biyu. Mota kuwa haya nake ɗauka, wani lokacin in jira kwana biyu a tasha kafin in sami wadda za ta yi lodi.

Yaron yana sito yanzu, shi ke riƙe da littafin awo. Tarin ya ragu, amma na lura in yana ɗinke bakin buhu hannunsa na rawa, sai ya soka basilla sau biyu kafin ta shiga. Likita ya ɗebi jininsa da fitsarinsa ya aika Accra. Ranar Alhamis za mu koma karɓar sakamako, ni da shi da mahaifiyarsa.